Tara Sulallan Azurfa da Sandunanta: Nauyi, Farashi da Hukunci

  

Akwai tambayar da take ta maimaituwa a bakin 'yan kasuwarmu da wasu daga cikin ɗalibai: shin ya halatta mutum ya juya ajiyarsa daga sefa zuwa azurfa? Wasu ma sun wuce nan. Sun ga hotuna a waya na sulalla masu sheƙi, kowanne a cikin ɗan akwatin roba, da sandunan azurfa masu hatimi da lamba, an ce musu irin waɗannan ba su da yawa a duniya, wanda ya tara su ya tara arziki. Amsar a taƙaice ita ce halal ne. Sai dai halaccin yana da sharuɗɗa, kuma cinikin yana da ramuka, don haka maganar tana bukatar a warware ta.

Ba abin mamaki ba ne tambayar ta fito daga mutanen Zango. A watan Janairu na 1994 an rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. A watan Mayu na 2003 babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, kuma a shekarar ne aka rushe tsohuwar unguwarmu ta Zangwettin tare da maƙwabtanta saboda aikin ZACA. Yanzu kuma ga maganar da ake ta yi cewa wataƙila Burkina Faso da Mali da Nijar su yi kuɗinsu na kansu. Wanda ya ga takarda ta zube, shago ya ƙone, gida ya tashi, dole ya nemi abin da zai riƙe a hannu.

Harshenmu bai manta da azurfa ba

Idan Bahaushen Wagadugu ko na Yamai zai ce sefa 100, cewa yake dala ashirin. Bajule kuma ya ƙirga da dorome, wanda shi ma sefa 5 ne, kuma masana harshe suna mayar da asalin kalmar ga dirhami. Wannan lissafi na biyar-biyar gado ne daga lokacin da dala take babban sulen azurfa na gaske.

Fataken da suka bi hanyar Gwanja daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga neman goro, waɗanda wasunsu suka yada zango a ƙasar Mosi, da wuri suke yawancin cinikinsu. Amma wuri kaya ne mai nauyi, sai an ɗora wa jaki. Saboda haka mai babbar dukiya yakan nemi liyari, wato sulen azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Taresa. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan guda ɗaya. Bayan Faransawa sun ci Wagadugu a 1896, sai suka shigo da nasu sulen na faran biyar, mai nauyin giram 25, kashi 90 cikin 100 azurfa. Da yake girmansa ya yi kusa da na liyari, shi ne ya gaji sunan dala. Daga baya takarda ta maye gurbinsa, aka ƙirƙiro sefa a ƙarshen 1945, sunan ya zauna, azurfar ta tafi. Da yawa daga cikin waɗancan sulalla sun ƙare a hannun maƙeran fari, sun zama mundaye da zobba.

A yau dala ɗaya ba ta sayen kwalin ashana. Amma dalar da aka samo sunan daga gare ta, idan ta ɓoye a ƙasan adakar wata tsohuwa, har yanzu giram 22.5 ce ta tsantsar azurfa, ba ta ragu ba. Wannan shi ne abin da ke jan hankalin mutane, kuma gaskiya ne. Sai dai rabin labarin ke nan.

Farashi biyu a jikin sule ɗaya

Kowane sulen azurfa yana ɗauke da farashi biyu. Na farko farashin ƙarfen da ke jikinsa, na biyu farashin sha'awar mutane. Wanda bai raba su ba shi ake cuta.

Farashin ƙarfe lissafi ne mai sauƙi: nauyi da tsarki. Azurfa tsantsa tana da laushi, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe. Lambar da ake bugawa a jikin kaya tana faɗin kason azurfa a cikin dubu: 999 kusan tsantsa ce, 925 ita ce ta yawancin kayan ado masu kyau, 900 ta tsohuwar dalar Faransa. Liyari nauyinsa giram 28 da 'yan kai, tsarkinsa 833, wato azurfar da ke cikinsa kimanin giram 23.4 ce. A kasuwar duniya ana auna azurfa da oza ta musamman mai giram 31.1. Sulallan ajiya na zamani, kamar American Silver Eagle da Amurka ta fara bugawa a 1986 da Maple Leaf na Kanada da ya fito a 1988, kowanne oza ɗaya ne. Sanduna kuwa akwai daga ƙanana masu 'yan giram, zuwa kilo ɗaya, har zuwa manyan da bankuna ke ciniki da su a Landan masu kimanin oza dubu. Yadda sanda ta fi girma, haka ladan ƙira da ake ɗora wa kowane giram yake raguwa.

Farashin sha'awa kuma wani fage ne daban. Masu tara tsofaffin kuɗi suna duba ƙarancin sule, da tarihinsa, da yadda ya tsira daga gogewa. A Amurka suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC da aikinsu shi ne su duba sule, su ba shi maki, su rufe shi a roba mai lamba. Maki ɗaya tak yana iya ninka farashi. A 2013 an sayar da wata dalar azurfa ta Amurka ta shekarar 1794 a kan fiye da dalar Amurka miliyan 10, alhali azurfar da ke cikinta ba ta kai oza ɗaya ba. Mu ma muna da irin wannan a tarihinmu: wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, wanda rubutun jikinsa ya ambaci ma'adinin Sarkin Muminai da ke Hijaz, an sayar da shi a Landan a 2019 a kan fam miliyan 3.7, nauyinsa kuwa giram huɗu da kwata ne. Haka sanduna: tsofaffin da kamfanin Engelhard ya zuba kafin ya daina wannan aiki suna da masoya da ke biyan fiye da nauyinsu.

To amma a ina masoyan suke? Suna Amurka da Turai, inda akwai dillalai da gidajen gwanjo da littattafan farashi. Ranar da bukata ta kama ka a nan, ka ɗauki sulenka mai maki 69 ka kai wa maƙeri, abin da zai yi shi ne ya fasa robar, ya ɗora a sikeli, ya biya ka kuɗin giram. Duk abin da ka ƙara a kan nauyi ya bi ruwa. Saboda haka shawarata ga mai neman ajiya ita ce ya sayi nauyi, ya bar labari. Tara sulalla masu maki ilmi ne mai zaman kansa da ke cin shekaru, kuma wanda ya shiga da kuɗin abincin iyalinsa ya zama abincin waɗanda suka riga shi.

Bari in tsaya a kan liyari, domin da shi aka fi ruɗin mutanenmu. Za a nuna maka shekarar 1780 a jikinsa a ce ya haura shekara ɗari biyu da arba'in, kayan tarihi ne. Gaskiyar ita ce Mariya Taresa ta mutu a 1780, kuma tun daga lokacin duk liyarin da aka buga wannan shekarar ake sa masa, saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. An buga ɗaruruwan miliyoyi, a Biyana da Roma da Landan da Faris da Bombai, kuma har yau Ostiriya tana buga shi da wannan shekarar. Liyarin kaka azurfa ce mai kyau, amma a mafi yawan lokaci darajarsa ita ce giram 23.4 ɗin nan da ɗan abin da ba a rasa ba. Haka nan akwai sulallan azurfa da kamfanonin waje ke bugawa da sunan Burkina Faso ko Nijar ko Cadi, da hoton zaki ko wata dabba, a rubuta sefa 1,000 a jiki. Don masu tarawa na ƙetare ake yin su, babu mai kashe su a kasuwa.

Game da jabu kuwa, azurfa ba ta bin mayen ƙarfe. Duk abin da ya manne masa a ajiye shi. Amma rashin mannewa bai isa hujja ba, domin jan ƙarfe da dalma ma ba sa bi, kuma akwai farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus wanda babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Abin da ya fi kama ɓarawo shi ne a haɗa nauyi da girma: sulen da aka san nauyinsa da faɗinsa da kaurinsa, da wuya na jabu ya dace da ukun gaba ɗaya. Tsofaffi kuma suna gane ta da amo, domin azurfa idan aka ƙyasta ta ƙararta takan daɗe kafin ta mutu. Sanda babba ta fi haɗari, don ana iya shafe bayanta da azurfa cikinta wani abu ne daban. Kada a saye ta sai daga wanda zai yarda a gwada, ya kuma ba da takarda.

Kada kuma a ɗauka azurfa ba ta faɗuwa. A Janairun 1980 oza ta kai kusan dalar Amurka 50, lokacin da wasu attajirai 'yan gida ɗaya a Amurka, 'ya'yan Hunt, suka yi ƙoƙarin mamaye kasuwarta. Kafin ƙarshen Maris ta faɗo kusan 11. Sai a 2011 ta sake kusantar wancan matsayi, sannan a Maris na 2020 ta sauko kusan 12. Wanda ya saya a ƙololuwar 1980 ya jira shekara talatin kafin ya ga kuɗinsa. Mu kuma ƙasar zinariya ce, ita ce kan gaba a abin da Burkina ke fitarwa tun 2009. Azurfa shigo da ita ake yi, manyan masu haƙo ta su ne Meziko da Sin da Peru. Ke nan tazarar da ke tsakanin farashin da za ka saya da wanda za a saya a hannunka tana da faɗi a nan.

Hannu da hannu

Zinariya da azurfa ba kamar sauran haja ba ne a shari'a. Suna cikin abubuwa shida da hadisin Ubadatu ɗan Samit ya ambata, kuma ƙa'idarsu biyu ce. Idan azurfa za a musanya da azurfa, dole nauyi ya zo daidai kuma a karɓa nan take. Idan jinsi ya bambanta, kamar azurfa da zinariya, to fifiko ya halatta amma jinkiri bai halatta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar da cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a riba da zakka. Saboda haka sefa jinsi ce, azurfa jinsi ce: ka saya a kan farashin da kuka daidaita, ko nawa ne, amma kuɗi su shiga hannunsa azurfa ta shiga hannunka a zama ɗaya.

Daga nan ake gane hukuncin abubuwan da suka zama ruwan dare. Karɓar sanda a biya kaɗan-kaɗan a ƙarshen kowane wata bai halatta ba. Ba da kafin alƙalami a ce a kawo kayan mako mai zuwa, da nufin an riga an ƙulla ciniki, shi ma haka. Biya ta waya, irin Orange Money, idan kuɗin sun shiga nan take kuma kayan suna gabanka ka karɓa, babu laifi. Wanda yake son a sayo masa daga Dubai ko Istambul, hanyar ita ce ya wakilta amintacce ya ba shi kuɗin amana, shi wakilin ya ƙulla cinikin da kansa a can, ya biya ya karɓa a wuri ɗaya. Amma lambar da ke hawa da sauka a fuskar waya, wadda aka ce azurfarka ce alhali babu wata sanda da aka ware da sunanka, wannan ba mallaka ba ce.

Masu tarawa su lura da wannan musamman: ƙyan ƙira da ƙarancin sule ba sa halatta fifiko idan azurfa za ta haɗu da azurfa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani maƙeri ya tambayi Abdullahi ɗan Umar ko zai iya sayar da abin da ya ƙera da fiye da nauyinsa don ya fitar da ladan aikinsa, ya hana shi, maƙerin ya yi ta maimaitawa, shi kuma bai sauya ba. Don haka ba da liyari uku a karɓi sule ɗaya mai maki riba ce, ko da kasuwa ta ce farashinsu ɗaya. Mafita mai sauƙi ce: ka sayar da naka da sefa ka karɓi kuɗinka, sannan ka sayi wancan da sefa. Wannan ne kuma hukuncin matan da ke kai tsohon munduwa a ba su sabo su cika kuɗi.

Wani zai ce, to hoton mace da ke jikin liyari fa? Sahabbai sun yi mu'amala da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu hotunan sarakunansu, har zuwa lokacin da Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira. Ajiye shi a matsayin dukiya ba laifi. Abin da aka hana shi ne ƙoƙo ko cokali ko kwanon azurfa don ci da sha, ga maza da mata baki ɗaya.

Zakka

Aya ta 34 da ta 35 a Suratut Tauba sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa ba sa ciyarwa don Allah, kuma wasu sukan ji tsoron ajiya gaba ɗaya saboda su. Fassarar Ibnu Umar, wadda jumhurun malamai suka bi, ita ce dukiyar da aka fitar wa zakka ba ta cikin wannan gargaɗi. Ajiya ba laifi ba ce, hana haƙƙinta ne laifi.

Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda a awon zamani ya kama giram 595. Na zinariya miskali 20, giram 85. Abin fitarwa kashi ɗaya cikin arba'in ne idan shekarar Musulunci ta zagayo. Tunda waɗannan sulalla ba sa yawo a matsayin kuɗi yanzu, tsantsar azurfar cikinsu ake lissafawa. Liyari 26 sun cika nisabi, tsohuwar dalar Faransa 27, sulalla masu oza ɗaya 20. Mai sandar kilo ɗaya zai fitar da giram 25, ko ƙimarsu da sefa a farashin ranar fitarwa, ba ranar da ya saya ba. A mazhabar Malikiyya ana haɗa zinariya da azurfa don cika nisabi: mai giram 300 na azurfa da giram 45 na zinariya yana da rabi da ɗoriya na kowanne, zakka ta hau kansa. Kuɗin da ke hannu ko a banki ma ana haɗa su.

Sule mai tsada saboda ƙarancinsa, idan ajiya ce kawai, nauyinsa ake dubawa. Wanda kuwa ya mayar da saye da sayar da su sana'a, malamai da dama na wannan zamani suna ganin ya ƙimanta su da farashin kasuwa, kuma wannan ya fi kuɓutar da wuya. Kayan adon da mace take sawa babu zakka a kansu a wurin Malikiyya. Amma abin da aka ƙera aka ɓoye don ranar wahala, ko da siffar munduwa yake, akwai zakka. Sauya wa azurfa kama ba ya sauya niyyar mai ita.

Ga wani lissafi da mai ajiya ya kamata ya yi tun kafin ya saya. Azurfa ba ta haihuwa. Kilo ɗaya, idan daga jikinsa ake cire zakka kowace shekara, bayan shekara goma zai koma kimanin giram 776, bayan ashirin da ɗaya ya faɗo ƙasa da nisabi. Wannan ne ya sa Sayyidina Umar ya umarci masu riƙon dukiyar marayu su juya ta a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Azurfa ta dace da wani yanki na dukiya, wanda ake ajiyewa saboda gobara da faɗuwar kuɗi. Mayar da jari gaba ɗaya ƙarfe a rufe a ɗaki kashe kasuwa ne, da kashe abincin yaran shago. Kuma a ƙasar da ƙidayar hukuma ta 2023 ta nuna fiye da mutum miliyan biyu sun bar gidajensu saboda rashin tsaro, wanda Allah Ya hore wa har yana tunanin sule mai maki 70 ba zai sha wahalar samun inda zai kai kashi ɗaya cikin arba'in ɗinsa ba.

Saura maganar gado. Azurfa ajiya ce mai son sirri, sirrin kuma shi ke ɓatar da ita. Mutum ya binne a ɗaki ko ya ba wani amana ba shaida, ya mutu, marayu ba su sani ba. Wanda ya tono irin wannan daga baya kada ya ce ya sami taskar mutanen da. Abin da Musulmi ya binne hukuncin tsintuwa yake ɗauka, sai an nemi mai shi ko magadansa. Mai ajiya ya rubuta adadi da nauyi da wurin da take da watan da zakkarta ke cika, ya sanar da mutum biyu amintattu. Idan aka zo rabo kuma, azurfar da tsarkinta ɗaya a raba ta da sikeli. In akwai sulalla da farashinsu ya bambanta da nauyinsu, kada a ce wannan ya ɗauki ɗaya mai tsada wancan ya ɗauki biyar masu araha. A sayar da su da sefa a raba kuɗin bisa kason kowa.

Allah ne Mafi sani.